Kunnen Resham da Hannun Abba

Ƙofar Bhati, Lahore.

Zuwa ga ƙanena Tanwir,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Uzma da 'yar lelenmu Zunaira. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki a kan aikin nan naka na tsayuwa, ya tsare ku a ƙasar mutane, ya jiƙan Ammi ya haskaka makwancinta. Mu nan muna lafiya gwargwado. Ruwa ya sauka, lungunmu ya koma tafki kamar yadda ka san shi, rufin ɗakin sama kuma yana yoyo a daidai inda Liyaƙat ya rantse mini bara cewa ya gyara. Mijin nan nawa in dai alkawari ne ba a fi shi ba. Gwiwarsa dai ta yi sauƙi, yara suna zuwa makaranta, mangwaro ya yi araha har ƙudaje sun gaji da shi. Ranar Alhamis mun je kabarin Ammi mun zuba ruwa, ciyawa ta fito a kai kore shar.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda, alhali kullum muna magana a waya. Dalili shi ne gidanmu ba shi da lungun da kunnen Abba bai kai ba, kuma da zarar ya ji sunanka yake miƙo hannu a ba shi wayar. Shi ya sa na rubuta, na ba ɗan Masi Barkate maƙwabciyarmu da zai koma Italiya ya kawo maka hannu da hannu. Maganar zuwanku ce. Na ji lokacin da Abba ya ce maka ba sai kun zo hutun Agusta ba, wai zafi ya yi yawa, yarinya ba za ta jure ba, ku bari sai baɗi. Na kuma ji amsar da ka ba shi. Na san ka, in ranka ya sosu ba ka faɗa, sai dai ka ce to, Allah ya kai mu. Tanwir, ba zafi ba ne. Mutumin da tun ranar da aka haifi Zunaira yake kwana yana tashi da hotonta a aljihu ba zai hana ta zuwa don zafi ba. Ka zauna ka karanta har ƙarshe, kada ka yi mini irin karatunka na tsallake-tsallake.

Ka tuna abin da yake ta yi maka alkawari, cewa shi zai fara share wa Zunaira kunne. Kai ma ka san a gidanmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum ya yi shekara arba'in da wani abu a bakin ƙofar gari yana share wa mutane kunne, da jar hularsa, tsinken tagulla da hantsaki a soke a gefenta, auduga a bayan kunne, babu ɗan kasuwar da bai taɓa karkata masa kai ba. Babu kuma yaron da aka haifa a lungunmu da ba a kawo shi ya ɗora kai a gwiwar Abba ba. In ya gama sai ya hura kunnen ya ce, "To, an buɗe. Daga yau in uwarka ta kira ka ce ba ka ji ba, ƙarya kake." Sannan ya ciro jalebi, alawar nan mai kama da alkaki, a takarda ya miƙa. Kai har ƙaryar ƙaiƙayin kunne kake yi don jalebin nan, kada ka yi musu. Tunda ya daina fita kasuwa, mutane suka koma sayen tsinken auduga na kanti, abin da ya rage masa na sana'ar shi ne wannan jika da bai taɓa gani ba.

To, abin da ya faru a kan Resham ne, kyanwar Ammi. Kai ka tafi tana 'yar ƙarama, ba ka ga yadda ta zama ba. Gashinta ya yi tsawo har yana share ƙasa, fari da ruwan toka a wuya. Kowace safiya in Ammi ta idar da salla sai ta shimfiɗa tsohon mayafinta a cinya, ta ɗauko matajin katako, ta fara daga wuya zuwa jela, sannan ciki da hammata inda gashin ke saurin cukurkuɗewa. Ta goge mata ido da auduga mai ɗumi, ta duba farata. In ta zo kunne sai ta naɗa tsumma mai laushi a ɗan yatsa ta share iya inda ido ke gani, ba ta wuce nan. Abba yana gefe yana shan shayi yana tsaki, yana cewa wannan ai shafa ce ba shara ba, a gidan gwani ake yi wa kunne wannan wulaƙanci. Ita kuma ta ce masa, "Malam, je ka haƙa rijiyarka a kunnen 'yan kasuwa, ka bar mini 'yata." Kullum sai sun yi wannan faɗa, ba ya tsufa. Ni kuwa a lokacin haushi nake ji, don ban tuna ranar da Ammi ta taje mini kai da irin wannan lallashi ba. Ni da ranƙwashi ake yi mini.

Da Ammi ta rasu ka zo ka koma a gurguje, ba ka ga abin da ya biyo baya ba. Resham ta shige ƙarƙashin gadon igiyar Ammi ta ƙi ci ta ƙi sha. Ni ka san ba mai son kyanwa ba ce, gashi a miya, gashi a gurasa, ga makoki, ga baƙi, ban ko waiwaye ta ba. Abba ne ya rinƙa durƙusawa da tsufansa yana lallashinta. Wata safiya ya ɗauki cokali ya ƙwanƙwasa gefen kwanon madara, yadda Ammi ke yi in za ta kira ta, sai ga ta ta fito tana tangaɗi. Daga ranar suka zama abokai. Duk inda take, ko tana can saman rufin Masi Barkate tana zuba wa tantabaru ido, in ta ji cokalin nan sai ta sauko a guje. Shi kuma in ta zo sai ya yi ta ba ta labari, wane ya mutu, wane ya aurar da 'ya, gwamnati ta ƙara kuɗin wuta. Na sha tsayawa a bakin ƙofa ina ji, na san ba da kyanwa yake hira ba. Tajewa ce ta gagare shi, sai ni na karɓa ina yi ina mita, ita ma tana yi mini kallon ba haka ake yi ba.

Akwai abin da ban gaya maka ba a waya, don shi ya hana. Hannun Abba ya daɗe da fara rawa. Da farko shayi ne ke ɗan zuba a faranti, sai ya ce kofin ne ya cika. Sai ya koma sa riga marar maɓalli. In baƙo ya zo sai ya riƙe carbi da hannu biyu, ko ya harɗe su a baya. Inayat mai aski, abokinsa tun suna samari, wanda duk Juma'a yake kawo masa kunne, shi ma sai ya fara zuwa da uzuri, yau mura, gobe sauri yake. Abba ya ce masa, "Kai dai faɗi gaskiya, tsoho, matarka ce ba ka son ji sosai." Suka yi dariya, amma Inayat bai dubi idonsa ba.

Da zafi ya kama, Resham ta fara sosa kunne ba ji ba gani, tana kaɗa kai, har ta yi wa bayan kunnen rauni da farce. Na leƙa na ga wani baƙin datti kamar ɗiɗɗigar ganyen shayi, ga wari. Na ce wa Abba mu kai ta wurin likitan dabbobi, akwai wata a bayan babban titi. Wallahi da na san yadda maganar za ta sauka da na tauna ta tukuna. Ya dube ni ya ce, wato a gidansa, shi Karam Din, za a ɗauki kunne a fita da shi waje, ko so nake Inayat ya samu abin ba wa masu aski labari har shekara ta zagayo. Ya sa na ɗora masa man sarso, man mastad ɗin nan namu, a wuta, ya jefa tafarnuwa a ciki har ta yi baƙi, daidai yadda ake yi mana muna yara in kunne ya yi ciwo. Duk garin nan wa bai san wannan magani ba? Da ya huce ya ɗiga mata a kunnuwa biyun. Ta yi ta kaɗa kai tana lashe abin da ya gangaro. Ya ce a bari ya jiƙa, gobe sai shara.

Washegari da hantsi ya sa jar hularsa, wadda rabona da ganinta a kansa tun kafin rasuwar Ammi. Ya murza auduga a tsinke. Ni na naɗe Resham a mayafin Ammi na riƙe. Fuskarsa a ranar, Tanwir, kamar an mayar masa da shekara ashirin. Yana yi yana yi mata irin zancen da yake yi wa 'yan kasuwa, wai Hajiya a ɗan karkata, wai irin wannan dukiya da kika tara ai sai an fitar mata da zakka. Kunnen dama ya tafi lafiya, don bai shiga da nisa ba. Da ya zo na hagu ya ce akwai wani dunƙule can ciki. Ina kallon tsinken yana rawa. Na buɗe baki, kafin in ce wani abu ta fizge kai, hannunsa kuma ya ƙwace masa. Ƙarar da ta yi ban taɓa jin irinta ba, kuma ba na fatan in sake ji. Ta yage mini hannu ta fice. Audugar da ke kan tsinken ta yi ja, Abba ya tsaya yana kallonta.

Sai la'asar muka same ta a bayan buhun gari, kanta a karkace, in ta tashi sai ta yi juyi ta faɗi, ta yi amai. Wannan karon ban nemi izini ba. Na sa ta a kwando na tare keken riksha, ina shiga sai ga Abba ya biyo ni, ko takalmi bai sa daidai ba. Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar Uzma ba, mai sanyin murya. Ta haska ta duba ta ce dodon kunnen hagu ya fashe, man kuma ya gangara inda bai kamata ba. Ta ce baƙin dattin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne da ido ba ya gani, magani kaɗan ke kashe su, amma sun daɗe har ɗaya kunnen ma ya kumbura. Ta zana mana a takarda yadda ramin kunnen kyanwa yake lanƙwasa, ba kamar na mutum ba, ta ce tsinke tura dattin yake yi, kuma tafarnuwa guba ce ga kyanwa in ta lasa. Iyakar abin da ake yi a gida, in ji ta, a naɗa abu mai laushi a yatsa a share inda ido ke gani. Ina jin haka na tuna Ammi, na kasa ɗaga kai.

Sai ta tambaya wa ya sa mata tsinke. Na yi wuf na ce wani ne a unguwa da bai san abin da yake yi ba. Abba ya cire hularsa ya ce, "Ni ne, 'yata. Sana'ata ce." Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Idonta ne ya sauka a kan hannun da ke riƙe da hular, sannan ta ce, Baba, ko kun taɓa nuna wa likita hannun nan? Muka hau riksha muka koma gida. Mun kai shi asibiti daga baya, sun ba shi ƙwayoyi, sun ce ana rage rawar amma ba ta tafiya.

Resham ta rayu, alhamdu lillahi. Safe da yamma nake ɗiga mata magani, in riƙe kunnen in murza gindinsa a hankali, in bar ta ta kaɗa, in share abin da ya fito da auduga a yatsa. Kwanakin da ta yi kwance gashinta ya dunƙule har yana jan fata, sai da na rinƙa zura mataji tsakanin fatar da ƙullin ina yankewa da almakashi ta samansa, kaɗan yau kaɗan gobe. Yanzu duk ta yi faci-faci, Liyaƙat yana kiranta tsohuwar darduma. Ni da nake korar ta da tsintsiya, ga ni yau ina yi mata magana da muryar Ammi, har ina jin kunyar kaina. Amma kan bai miƙe ba, haka take tafiya da shi a karkace. Kunnen hagu ya mutu, na dama ma sai an yi ihu. Ranar da ta fara fita tsakar gida Abba ya ɗauki cokali ya ƙwanƙwasa kwano. Tana gabansa, ta ba shi baya, ko gezau. Ya sake, ya sake, har Masi Barkate ta leƙo ta taga tana tambaya lafiya. Na shiga madafa na yi kukana.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne ba ta manta hannun ba. Tana son sa, tana bin sa, amma da zarar ya miƙo hannu sai ta maƙe ta ruga. Ka san abin da ya koya wa kansa? In ya zauna a gado sai ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne. In ta ga babu hannu sai ta zo ta hau ta kwanta. Haka yake zama, shayinsa ya huce, ƙuda ya sauka masa a goshi ba ya korewa, don kada ta tashi.

Duk da haka bai saki maganar Zunaira ba. Kullum sai ya fito da kayan aikin ya goge da toka, yana cewa kunnen kyanwa ne ya yaudare shi, na mutum kuwa ko ido rufe ya san hanyarsa. Hankalina ya tashi. In hana shi, na kashe shi da raina. In yi shiru, kunnen 'yarka ne. Na rasa abin yi, har ranar Juma'ar da ta wuce na ce, to, in dai za a yi ɓarna gara a yi a kaina. Bayan an sauko daga masallaci na same shi na ce, Abba, kunnen nan nawa ƙaiƙayi yake. Ya dube ni, ina jin ya gane, amma ya ce in zo. Na zauna a ƙasa na ɗora kai a gwiwarsa, ni da furfurata. Ƙamshin rigarsa bai canza ba. Ya ja kunnen sama yadda ya saba, na ji sanyin tagulla a bakin ramin, na kuma ji rawar tana bi ta gwiwarsa har cikin haƙorana. Na rufe ido na riƙe numfashi. Resham tana bakin ƙofa da karkataccen kanta.

Ya daɗe a haka, tsinken bai shiga ba. Sai na ji wani abu mai ɗumi ya ɗigo mini a kunci, sannan ƙarar tagulla a ƙasa. Ya yagi auduga ya naɗa a yatsa, ya bi lungunan kunnen ta waje a hankali, iya inda ido ke gani. Ya hura. Ya ce, "To, an buɗe. Daga yau in uwarki ta kira…" Bai ƙarasa ba. Muka zauna haka, kaina a gwiwarsa, har aka kira la'asar. Da ya tashi ya naɗe tsinken da hantsakin a cikin jar hular, ya buɗe akwatin Ammi ya sa a ƙasa ya rufe. Kashegari ne ya kira ka ya ce zafi ya yi yawa. Da na yi masa magana ya ce, me yarinya za ta zo ta tarar, tsohon da ko kyanwa ba ta yarda da hannunsa ba?

To ka ji. Ba na roƙonka komai sai abu ɗaya, kada ka biye masa. Ku zo a Agustan nan, kada ku bari sai baɗi, don ban san abin da rawar nan za ta bari ba kafin baɗi. Cin abincinsa ma ya ragu, rabin gurasa yake ci ya ture. In kun iso kada ka nuna ka san komai, ka kuma ja wa Uzma kunne kada ta zuba wa hannunsa ido. Ka ɗauki Zunaira ka ɗora kanta a gwiwarsa da kanka, ka ce, Abba, ga ta, an ce ba ta jin kiran uwarta. Kada ka ji tsoro, tsinken ba zai fito daga akwati ba, ni shaida ce. Auduga da yatsa kawai. Jalebin ni zan sayo in sa masa a aljihu. Ita uwarta tana nan da rai, zai iya ƙarasa mata maganar.

Ka gaida mini Uzma da kyau, ka ce ina godiya da man shafawar da ta aiko. Ka sumbaci Zunaira a goshi, ka ce gwaggonta ta ɗinka mata riga mai madubai, in ta yi mata kaɗan laifin babanta ne da ba ya aiko da awo. Liyaƙat yana gaishe ka, haka yarana Sidra da Hammad, sun ce kada ka manta da cakulan. Masi Barkate tana sa maka albarka. Inayat mai aski ya ce in gaya maka in ka zo da gashin nan naka na Turawa kyauta zai sauke maka shi.

Ina rubuta wannan ne a kan matakala, daga nan ina hango shi. Resham tana barci a cinyarsa, hannuwansa suna ƙarƙashinsa tun ɗazu. Ku zo ku fito masa da su.

Wassalam. Taka har kullum,

Yayarka,
Shagufta